Ranar da Adawiyya Ta Faɗi Naƙudarta da Ƙarfi

Akwai wata mata a unguwar Gidan Dare, cikin garin Sakkwato, ana ce mata Adawiyya. Ɗinki take yi a cikin gida, mijinta Gazali kuma hatsi yake sayarwa a kasuwa. Mace ce mai sanyin magana, wadda ko dariya za ta yi sai ta kare bakinta da gefen mayafi.

Haihuwarta ta fari aiki aka yi mata. Yarinyar da ke cikin ta kwanta a gicciye, aka yi jira har aka gaji, a ƙarshe aka ciro ta da rai. Tun daga ranar, Goggo Iyatu, yayar mahaifin Gazali wadda ta raine shi, ta sa mata suna 'yar wuƙa. A gidan suna ko gidan biki, in mata suka shiga hirar naƙuda, sai Goggo ta juyo ta ce a bar Adawiyya ta yi shiru, ita barci ta yi ta farka ta ga ɗiya.

Adawiyya ba ta taɓa tankawa ba. Amma abin yana ci mata rai, kuma ita kanta tana son ta haihu da kanta ko sau ɗaya ne.

Bayan shekara uku ta sake samun ciki. Ranar awon farko ta tambayi likitar, wata mace mai yawan tambaya, ko wadda aka yi wa aiki tana iya haihuwa da kanta. Likitar ta ce wasu suna iyawa, wasu kuma bai kamata ko su gwada ba, kuma ba da kallon fuska ake ganewa ba. Ta ce tabon da ke fatar ciki ba shi ne abin dubawa ba, yankan da aka yi wa mahaifa a ciki shi ne magana, ko a kwance yake daga ƙasa, ko a tsaye. Ta tura ta asibitin da aka yi aikin farko ta karɓo bayanin.

Sau uku Adawiyya tana zuwa kafin a samo fayil ɗin. Takardar ta nuna yankan a kwance yake daga ƙasa, kuma sau ɗaya ne. Tazarar da ke tsakanin aikin da wannan ciki ta isa. Da ciki ya tsufa hoto ya nuna kan yaro ya juyo ƙasa, girmansa daidai.

Likitar ta sa aka kira Gazali, ta yi maganar a gabansa. Ta ce Adawiyya ta cancanci ta gwada, amma da sharaɗi. A asibiti za a yi, inda ɗakin tiyata yake a shirye kuma akwai jini. Da ciwo ya fara ta taho, ba jira. Kuma kada ta sha komai na zafafa naƙuda, domin ɗinkin mahaifa yana iya buɗewa, in ya buɗe kuwa mintoci ne tsakanin rai da rasa shi, nata da na yaron. Gazali ya ce ya ji, kuma ya ba ta izini tun yanzu, ko yana gari ko ba ya gari, ta fita.

Da labari ya kai wa Goggo Iyatu, rabinsa kawai ta ɗauka. Tunda likita da bakinta ta ce za ta iya, to me za a je yi asibiti? Ta ɗaure kayanta ta tare a gidan tun watan haihuwa bai kama ba. Kullum karatun ɗaya ne: mace mai kunya ba ta faɗin naƙudarta, tana shara tana daka har sai kai ya sauko, sannan ta shiga ɗaki ta durƙusa. Masu gudu asibiti da wuri su ake yankawa, don likita ba ya da haƙurin jira.

Adawiyya takan ce to, Goggo. Amma jakarta tana bayan ƙofa a shirye.

Wata Laraba da hantsi ciwon ya fara, tana kan keken ɗinki. Gazali ya tafi kasuwar ƙauye sayen gero tun da safe, wayarsa ba ta shiga. Ta ɗauki jaka ta sa hijabi. Tana fitowa tsakar gida ta tarar Goggo ta riga ta lura, ta shimfiɗa tabarma a bakin zaure ta zauna ta miƙe ƙafafu, ga kwanon jiƙon saiwoyi a gefenta.

"Ina za ki, 'yar wuƙa?"

"Asibiti, Goggo. Abin ya taso."

"Yi shiru, kar wani ya ji ki. Sha wanga ki koma ɗaki. Ni da nih haifi nawa ɗiyan na san mi nika yi, bale ni nir raini Gazali."

Adawiyya ta ce likita ta hana ta shan jiƙo, kuma maigidan ya ba ta izinin fita. Goggo ta ce izinin yaro ba ya wuce na wadda ta goya shi, in kuma fita za ta yi, sai dai ta tsallake ƙafafunta.

Goggo ta san abin da ta yi. Adawiyya ba za ta tsallake babba ba, ba haka aka tarbiyyantar da ita ba. Ta tsaya riƙe da jaka, wani ciwon ya zo ya murɗa ta, ta dafa bango har ya wuce. A ƙofar gida tana jin muryoyin maza 'yan majalisa a gindin dogonyaro, suna gardamar farashin taki.

Ta ce, "Ba ni tsallake ki, Goggo. Amma ba ni mutuwa don kunya."

Sai ta juya wajen katangar maƙwabciyarta, ta buɗe muryar da ba a taɓa ji a unguwar ba.

"Shamsiyya! Naƙuda nikai, kuma an taɓa yi man aiki. A kira man keke napep, asibiti za ni!"

Gardamar taki ta tsaya cak. Goggo ta miƙe zumbur, tana salati, ta nufo ta don ta toshe mata baki. Da ta tashi, hanya ta buɗe. Adawiyya ta bi ta gefenta ta wuce zaure, ta fita a gaban maza idonta a tsaye, ta ce musu ina kwananku. Wani dattijo a cikinsu ya tare mai keke da kansa. Shamsiyya ta fito da takalmi ɗaya a hannu ta shiga kusa da ita. Goggo, da ta ga za a tafi a bar ta da mutanen unguwa, ita ma ta cusa kanta, tana faɗa har asibiti cewa an kwance mata zane a kasuwa.

A ɗakin haihuwa, gadon da ke kusa da nata wata Maimunat ce a kai, ita ma an taɓa yi mata aiki. Kafin azahar Maimunat ta haihu da kanta lafiya. Adawiyya ta ji kukan jaririn ta ce a ranta, Allah ka ba ni irin wannan.

Nata ya tafi daidai har wajen la'asar. Ma'aikaciyar jinya tana zuwa a kai a kai tana sauraren bugun zuciyar yaro. Can sai ciwon ya canja. Ya daina zuwa yana tafiya, ya tsaya wuri ɗaya a kan tsohon ɗinkin kamar an ɗora garwashi. Ta faɗa nan take, ba ta ɓoye ba. Aka saurara, bugun yaron ya yi ƙasa. Ba a yi minti ashirin ba tana ɗakin tiyata.

Da likitar ta fito, Gazali ya iso da ƙurar kasuwa a jikinsa. Ta gaya musu an sami namiji, uwa da ɗa suna lafiya. Ta ce ɗinkin ya fara buɗewa, saura kaɗan, kuma da a gida abin ya same ta, ko da keke yana bakin ƙofa ba lallai su iso ba. Gazali ya zauna a ƙasa ya rufe fuska. Goggo kuwa carbinta kawai take ja.

Washegari da safe aka miƙa wa Goggo jaririn. Ta daɗe tana kallonsa, tana gyara masa zane. Amma hali ba ya barin mutum a rana ɗaya. Ba tare da ta ɗago ba ta ce, a hankali,

"Ai na gaya miki sai sun yanka ki."

Adawiyya tana kwance, ruwa yana shiga hannunta, muryarta a dashe.

"Sun yanka, Goggo. Ga shi kuma kina riƙe da shi, ga ni ina amsa miki."

Darasi: 'Yar'uwa, wadda aka yi wa aiki tana iya haihuwa da kanta, amma ba kowa ba, kuma ba a gida ba. Likita ce za ta duba ta ce kin cancanta, ba surutun mata ba. Ki nemi bayanin aikinki na baya, ki je da wuri, ki faɗi ciwonki da baki. Girmama manya wajibi ne, amma ranki amana ce da Allah zai tambaye ki. Ki tura wa duk mai cikin da kika sani wannan labari, ki tura wa mijinta da goggonninta ma.