Sandar Ƙyastun Gwamma a Tukunyar Gishiri

Dalilin da ya sa sandar ƙyastu take ruɓewa ta zama gari in an daɗe da ɓoye ta, yau za ku ji shi, in dai Talatu za ta rufe mana bakin nan nata.

A da can ba haka take ba. Wani maƙeri ne, Tankari, ya lallashi Wuta ta shiga cikin ɗan ƙarfe kamar yatsa, don mutane su huta da yawon ɗiban garwashi gida-gida. Wuta ta ce, "Na yarda, amma a riƙa karta ni ina leƙowa ina shan iska. Ni ba 'yar kulle ba ce." Tankari ya ce ya ji. Sai ya ba yayarsa Gwamma sanda guda, ya koma kan maƙerarsa, bai tuna ya gaya mata sharaɗin ba.

Gwamma kuwa, Allah sarki, tattalinta har ya yi yawa. Duk abin da take ji da shi, ƙasan tukunyar gishiri take cusa shi, don nan ne hannun yara ba ya kaiwa. Ta ce wannan sai ranar da 'yarta Dela ta haihu. Ta naɗe sandar da tsumma ta binne.

Damina ta kankama, gishiri ya sha laima ya yi sharkaf. Wuta ta jira, ta yi kira, shiru. Ta ce, "Au, haka za a yi da ni?" Sai ta shiga cin gidanta daga ciki.

Dela ta haihu wata safiya ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, kowane murhu a unguwar ya mutu. Kun san mai jego, in ba ta yi wanka da tafasasshen ruwa ba sanyi ne zai shige ta. Ga Dela tana rawar ɗari. Gwamma ta tono tsummanta da gadara, ta warware, sai ga gari kamar toka. Wayyo, ranar hankalinta ya tashi!

Ta ƙunshe garin a tsumman, ta sheƙa wurin Tankari cikin ruwa. Ya ce, "Yaya, ina kika ajiye ta?"

"Cikin gishiri mana, ina kake so in sa ta?"

Tankari ya dafe kai, sannan ya faɗa mata sharaɗin. Ya tona garin da farce, ya samo wani ɗan guntu kamar ƙwayar shinkafa. Gwamma ta riƙe shi tana hawaye, ta ce, "Wuta, ƙauna ce ta sa na ɓoye ki. Ki dubi yarinyar nan."

Wuta ta ce, "Ƙaunarki ta kusa kashe ni. Tartsatsi ɗaya ya rage, ki karɓa. Amma daga yau duk wanda ya kulle ni a laima, gari zai tarar."

Gwamma ta koma gida ta karta guntun, tartsatsin ya faɗa kan auduga, ya kama. Ruwa ya tafasa, Dela ta yi wankanta har gumi ya karyo mata, ta zauna tana shan kunun kanwa tana dariya.

Shi ya sa har yau sandar da ake kartawa kullum sai dai ta tsufa a hannu, wadda aka ɓoye don babbar rana kuwa ba ta jiran ranar. In dole sai kun ajiye, ku shafa mata man kaɗe, ku rataye inda iska ke bi.