Mutumin da Ya Ce “Tawa Ce”

Akwai wani mutum mai ƙungiyar wasan kurket. Na san yawancinku ba ku taɓa ganin wasan ba, don haka bari in gaya muku yadda yake. Wani yana jefa ƙwallo, wani yana maka mata katako mai faɗi, sauran kuma suna warwatse a fili suna tsaro. In mai tsaro ya cafe ta kafin ta taɓa ƙasa, mai bugun ya fita ke nan. Ƙwallon kuwa tauri gare ta kamar goruba, tana iya karya yatsa.

Masu tsaron nan ba sa yin shiru. Suna ihun “Kama!”, suna zuga mai jifa, suna tambayar alƙalin wasa ko mai bugu ya fita. Amma akwai kira ɗaya da ya fi duka nauyi. In ƙwallo ta tashi sama, idon kowa yana sama, ba mai ganin ɗan'uwansa. Sai wanda ya tabbata zai kama ya ce, “Tawa ce!” Duk wanda ya ji, dole ya janye hannunsa ya ja da baya, don kada mutum biyu su yi karo.

A cikin ƙungiyar akwai mutum biyu, Habila da Gayus. Habila kafinta ne, shekararsa tara yana sa farar rigar ƙungiyar, ƙafarsa ta fara nauyi. Gayus kuwa Allah ya ba shi maƙogwaro. Tun daga bakin kasuwa ake jin sa, ko ƙwallo ba ta zo wajensa ba sai ya yi ihu. Amma fankam-fankam ba shi ne kilishi ba.

Ran nan, kafin babban wasa, mai ƙungiya ya kira Habila gefe ya ce masa, “Habila, samari suna jiran rigar nan. In ƙwallo ta faɗi a gabanka yau, ka tuɓe ka ba ni.”

Habila ya ce, “Na ji, maigida.”

Da la'asar wasa ya yi zafi. Saura mai bugu ɗaya tak a wancan gefe, in an fitar da shi an ci wasa. Sai ya ɗaga ƙwallo sama can, ta nufo daidai inda Habila yake. Habila ya gyara tsayuwa, ya buɗe hannuwansa. Ko taku ɗaya ba ya bukatar yi.

Gayus yana nesa, amma ya ga jama'a sun miƙe tsaye, ya kuma san wanda ya kama wannan shi za a ɗauka a kafaɗa. Ya sheƙo da gudu yana cewa, “Tawa ce! Tawa ce!”

Habila ya ji. Ya sauke hannuwansa, ya ja da baya, gama haka dokar take. Gayus kuwa da ya ɗaga kai, rana ta cika masa ido, ya tuna taurin ƙwallon, ya tuna yatsunsa. Ya ci birki saura taku uku. Ƙwallo ta faɗo tim, a daidai inda ƙafar Habila take ɗazu. Mai bugun nan ya tsira, shi ne kuma ya cinye su.

Mai ƙungiya yana zaune can ƙarƙashin dalbejiya cikin hayaniya da kiɗa, bai ji komai ba. Abin da idonsa ya gani kawai, Habila ya kauce wa ƙwallo. Ya tara su ya ce, “Habila, tsoronta ka ji?”

Habila ya ce, “An yi kira, maigida.”

Ya ce, “Wa ya kira?”

Sauran suka dubi juna. Gayus tun safe yake ihu, kunnuwansu sun daɗe da daina rarrabe abin da yake faɗa. Habila ya juya ya dubi Gayus. Ga shi nan durƙushe yana ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Mutumin da ake jin sa daga bakin kasuwa, yau ya yi gum.

Habila ya tuɓe rigar, ya ninke ta, ya ajiye a hannun mai ƙungiya, ya tafi gida da singileti. Gayus ya ci gaba da wasa, yana nan yana ihunsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ma'anar wannan misali ita ce: filin nan ikilisiya ce, mu ne masu tsaro. Ƙwallon da take faɗowa kuwa mutum ne, marar lafiya, ko gwauruwa, ko ɗan'uwan da ya daina zuwa sujada. Kiran nan shi ne abin da muke faɗa a ƙarshen kowane taro, “Ku bar mini wannan.”

Muna ɗauka wanda ya yi alkawari bai cika ba, aikin ne kawai bai yi ba. A'a, ya fi haka muni. Ya janye hannun wanda zai yi. Da Gayus ya riƙe bakinsa, da an kama ƙwallon. Mai shiru ya bar wuri a buɗe, amma mai cewa “tawa ce” ya rufe ƙofa ya tafi da makulli. Kuma ku sani, Ubangiji ba kamar mai ƙungiyar nan yake ba. Ba ya zaune nesa a inuwa, ya ji wanda ya kira.

Abin nan yana ci mini rai, zan kuma gaya muku dalili. Wata biyu ke nan da muka binne Mama Rifkatu. Kwana uku ta yi a ɗaki ba wanda ya leƙa. A wurin jana'iza na ji ku da kunnena kuna cewa, “Ina Keziya take? Ba katanga ɗaya ce tsakaninsu ba?” Tun ranar Keziya ba ta ƙara zama a layin gaba ba, tana can baya kusa da ƙofa.

Keziya ce take kai mata kunu kowace safiya, har ranar da ƙafar ita Keziya ta kumbura. Ta zo taro ta ce za ta je asibiti ta yi mako guda, tana so ta roƙi ƙanwarta ta riƙa leƙa tsohuwar. Sai wani ya miƙe a gabanku ya ce, “Kada ki wahalar da kowa, 'yar'uwa. Mama tawa ce.” Kuka yi tafi. Shi kuwa makon nan taro ya yi masa yawa, ya manta.

Kun manta ko wane ne, domin ya saba magana kun saba tafi. Wata biyu kuna tambaya wa ya kira, shi kuma yana durƙushe yana ɗaure takalmi.

Keziya, ki taso ki dawo wurin zamanki. Ni ne na kira.