Ramuka Goma Sha Takwas

Wai akwai wani attajiri, Alhaji Maikwano, da ya sayi makiyayar ƙauyen Tsamiya zai yi filin golf, wasan da ake buga 'yar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami. Da mutane suka koka, ya rantse gaban dagaci: "A Turai ma filin da aka bari yadda Allah ya yi shi ake yabo. In fartanya ta taɓa ƙasar nan, na bar muku ita."

Ya kira Barau mai farautar gafiya, wanda bukkarsa ke gefen filin. "Ramuka goma sha takwas nake so, ban da haƙa. In ka kasa, ka kwashe komatsanka."

Barau ya sosa ƙeya. "Ranka ya daɗe, ai an gama tun bara."

Washegari ya zaga da Alhaji da dagaci, yana kafa tsumma a bakin kowane ramin gafiya. Alhaji ya ji daɗi, ya buga ƙwallo ɗaya tak da ya zo da ita. Ta gangara ta shige rami.

"Kai, gwani!" in ji Barau.

"Ciro min ita."

"Ta yi nisa, Alhaji. Gafiya mai gidan ta kai ta ɗaka."

"To, a haƙo mana!"

Barau ya miƙa masa fartanya da hannu biyu, ya juya wajen dagaci. "Ranka ya daɗe, matso kusa ka gani da kyau. Alhaji zai zaɓa: ko wasa babu fili, ko fili babu wasa."