Ƙasan Me, Maikuɗi?

"Ku ba ni 'yan kwanaki kawai. Zan shafe kacala daga kanal ɗin nan, har jikokinku su riƙa tambaya wace irin ciyawa ce."

Alhaji Maikuɗi ne ya faɗi haka a teburin mai shayi, yana kaɗa makullin ƙofar ruwa a ɗan yatsa. Shi ne shugaban ƙungiyar masu noman rani a ƙauyenmu, nan tsakanin Kura da Bunkure, kuma a hannunsa makullin yake. In ya buɗe, mu sha. In ya rufe, mu yi tagumi. Ba mugu ba ne, yana ba da zakka, yana zuwa jana'iza. Ciwonsa ɗaya ne: tun da uwarsa ta haife shi ba a taɓa jin ya ce "ban sani ba". Ko hanyar Madobi ta ɓace masa, gara ya kwana yana yawo da ya tsaya ya tambayi mai garma. Ɗan gwaggona ne, wato taubashina, don haka ina da lasisin faɗa masa abin da wani ba zai iya ba.

Na ce, "Alhaji, kacalar da ta gagari gari guda, kai da wace laya za ka kashe ta?"

Ya ce, "Da wannan." Ya ƙwanƙwasa goshinsa. "Dabarata ce, ni na ƙirƙiro ta. Ba sai na je rumfar zaman banza ba."

Bari in koma baya kaɗan, don wanda bai san kacala ba. Wata doguwar ciyawa ce mai son ruwa, ta fi mutum tsawo. Tun da ta shigo kanal ɗin da ke kawo mana ruwan Tiga, ta shaƙe shi kamar majina a hancin yaro. Masu gona a bakin ƙofa suna samun ruwa. Mu da ke can wutsiya sai abin da ya tsiyayo. A cikinta tsuntsayen jan baki ke kwana su tashi su cinye alkama, a cikinta sauro ke aure yana haihuwa. In ka sare ta yau, jibi ta yi maka sallama.

Rumfar da Maikuɗi ke zagi kuwa ita ce Zauren Gwaji. Wata ƙungiya ce ta zo a farkon shekarun 2000 ta taimaka muka kafa ta, rumfar kwano da zana, sai tabarmi da 'yan bokitai. Duk mai wata matsala ya kawo, duk mai wata dabara ya kawo. A nan aka gyara yadda ake shanya tumatir ba tare da ya kwashi ƙasa ba, a nan aka sasanta inda shanu za su riƙa shan ruwa ba su rushe bakin kanal ba. Dokokin zauren biyu ne. Babu kujera, kowa tabarma. Sannan kowace dabara, komai daɗinta a baki, sai an fara gwada ta a ɗan ƙaramin wuri kafin a kai ta gonar jama'a. Dokar farko ce ta kori Maikuɗi. Ya ce shi ba zai zauna a tabarma ɗaya da maƙeri da makiyayi ba, har mata suna sa baki daga bayan labule.

To, a wannan zauren aka gano lagon kacala. Sada, wani Bafulatani da ya daɗe da zama da mu, shi ya fara lura cewa inda shanunsa ke tattake ta ta nutse, ba ta sake tsirowa. Malam Maharazu, malamin gonarmu, ya kawo karanta ɗaya ya tsoma a bokiti ya ce in hura. Na hura, sai ga kumfa tana fitowa ta ɗaya bakin. Ashe cikinta kamar soso yake, ta kai take shaƙar iska ta aika wa saiwa. Datti maƙeri ya ƙera lauje mai doguwar ƙota, aka zaɓi ɗan gajeren wuri kusa da kwalbati don gwaji.

Ranar da Malam Maharazu ke bayanin, ina zaune daidai wata ɓula a jikin zana. Sai na hango Maikuɗi a waje, ya durƙusa kamar yana duba tayar babur, kunnensa kuwa ya kusa shigowa cikin rumfar.

Malam Maharazu ya ce, "Sirrin dai ɗaya ne. A yanke ta a ƙasa..."

Daidai nan wayar Maikuɗi ta ɗauki kuka. Lokacin waya ba ta yawaita ba, tasa kuwa ya ƙure mata murya don kowa ya san yana da ita. Ya zabura ya hau babur ya gudu kada a gan shi. Bai ji ƙarshen maganar ba.

Ga ƙarshen: "...a ƙasan ruwa. Ruwa ya rufe kan kututturen, ta rasa inda za ta yi numfashi, ta ruɓe. Don haka kada kanal ya bushe ko na wuni ɗaya."

Shi kuwa Maikuɗi abin da ya tafi da shi, "a yanke ta a ƙasa". Ya auna da hankalinsa: ta yaya za a kai ga ƙasa alhali ruwa ya rufe ta? Sai a ɗauke ruwan. Wannan ce dabarar da ya ce ya ƙirƙiro.

Lokacin mai unguwa ya tafi aikin Hajji, babu mai taka masa burki. Tumatir ya fara fure, alkama ta ɗauki ciki. Da na ji abin da yake shirin yi, na same shi a ƙofar gida.

Na ce, "Ɗan gwaggo, yau ba wasa na zo ba. Rabin magana ka ji. Ƙasan ruwa aka ce, ba ƙasar Allah ba."

Ya harare ni. "Wa ya ce maka na ji wani abu a wurin wani? Kai da ka taɓa sa mini garin barkono a aljihun babbar riga, yau kai ne mai nasiha? So kake in shiga ruwa da lauje kamar masunci, ku sami abin dariya."

Malam Maharazu ma ya je. Maikuɗi ya ce masa hassada ce, don an riga su. Masu gona a bakin ƙofa suka goya masa baya, tunda ƙasarsu da sauran danshi. Shi kansa yana da rijiyar burtsatse da injin ban ruwa a gonarsa, ko an rufe ko an buɗe duk ɗaya ne gare shi.

Ya rufe ƙofa.

Ya ce 'yan kwanaki, amma kacala ba ta ji alkawarin ba. Laka ta ƙi bushewa da wuri, masu sara suka riƙa nutsewa har gwiwa. Aikin ya miƙe. Mako ya wuce, aka shiga wani. Mu na wutsiya, da ma da ƙishirwa muka shiga, sai ƙasa ta fara tsagewa a fangali. Furen tumatir ya riƙa zubowa kamar an girgiza shi.

A can ƙarshen wutsiya gonar Saude take. Mijinta ya rasu ya bar mata yara da wannan ɗan filin, kuma bana ta zuba duk abin da take da shi a tumatir. Da tulu ta riƙa ɗebo ruwa daga wani kududdufi mai nisa, ita da 'ya'yanta, suna bin gindin shuka ɗaya bayan ɗaya. Da kududdufin ya ƙafe, ta sa mayafi ta tafi har bakin kanal inda Maikuɗi ke tsaye yana ba da umarni.

Ta durƙusa ta ce, "Alhaji, don girman Allah a buɗe mana ko na wuni ɗaya. Shukata tana mutuwa."

Ya ce, "Saude, haƙuri za ki yi. Mai son ɗan tsuntsu shi ke bin sa da jifa. Baɗi da kanki za ki zo godiya."

Ta ce, "Baɗi da me zan shuka, Alhaji?"

Wayarsa ta yi kuka, ya juya mata baya.

Da aka gama sara, ya sa aka cinna wa tarin wuta. Kanal ya fito fes, har ƙasa, baƙi ƙirin da toka. Ya buɗe ƙofa da kansa. Ruwa ya gudu har wutsiya, abin da aka daɗe ba a gani ba, sai dai ya tarar da gawa. Tumatirin Saude ya zama kara. Alkamata ta yi zangarniya ba ƙwaya. Gidaje da yawa a wutsiya suka fara sayar da awaki, samarinsu suka kama hanyar birni neman ɗan dako. Ni da aka sani da tsokana, lokacin ko yaro ban iya tsokana ba.

Kacala kuwa ta gode masa. Saiwarta ta sha iska ta ƙoshi duk tsawon kwanakin da kanal ke bushe, ga toka an zuba mata kamar taki. Kafin ruwan ya cika sosai ta riga ta leƙo sama da shi. Ta fito kore shar, ta fi da kauri.

Da mai unguwa ya dawo, aka je yi masa barka. Ya ji kuka ya yi yawa, sai ya ce bayan la'asar kowa ya hallara a bakin kanal. Gari ya fito, maza da mata, har su Sada da sandunansu.

Mai unguwa ya dubi kacalar ya ce, "Alhaji, wa ya ba da shawarar a ɗauke ruwa?"

Maikuɗi ya gyara hula. "Ranka ya daɗe, dabarata ce, ban karɓa a wurin kowa ba. Kuma ta yi aiki, kowa ya ga kanal fes. Wannan da ta fito wata iri ce daban, iska ta kawo."

Malam Maharazu ya ce, "Ranka ya daɗe, a ɗan taka zuwa kwalbati."

Aka taka. Wurin da zaure ya yi gwajinsa yana saman ƙofa, inda ruwa bai taɓa yankewa ba. Ga shi nan sarari, ruwa yana wucewa ba ko tsinke. Datti ya zura dogon laujensa ya jawo wata saiwa, baƙa, ruɓaɓɓiya, tana wari. Ya ajiye ta a gaban mai unguwa. Jama'a suka fara gunaguni, idanu suka koma kan Maikuɗi.

Ya nuna Malam Maharazu da yatsa. "Ai su suka jawo. Su suka ce a yanke ta a ƙasa. Da kunnena na ji."



Mai unguwa ya ce a hankali, "Yanzu ka ce ba ka karɓa a wurin kowa ba. Kuma an ce ba ka taɓa shiga zauren ba. A ina kunnen naka ya ji?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, tayar babur ɗinsa ce ta gaya masa."

Ba wanda ya yi dariya, ni ma ban so a yi ba.

Sai Saude ta ratso mutane da kwano a ka. Ta sauke, ta juye busassun karan tumatirinta a kan takalmansa. Ba ta ɗaga murya ba.

Ta ce, "Alhaji, an ce a ƙasa. Ƙasan me?"

Ta nuna karan da ke kan takalmansa.

"Tambayar ke nan, Alhaji. Kalma biyu. Da ka ɗaga zana ka yi ta, da yarana sun ci tuwo bana."

Wayarsa ta ɗauki kuka a aljihu. Ta yi ta yi, bai iya sa hannu ya ɗauka ba. Hannun da ya miƙe a wurin na mai unguwa ne, a buɗe, yana jiran makulli.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ƙaramin sani ƙuƙumi ne, girman kai kuma rawanin tsiya. Wanda ya fi ƙarfin zama a tabarma ya tambaya, ƙarshenta a bayan zana zai saci rabin magana, kuma rabin magana ta fi rashin ji haɗari. In an ba ka riƙon abin jama'a, ka tuna kuskurenka ba a gonarka zai tsaya ba, a gonar mai rauni zai sauka. Ka saurari magana har ƙarshenta, ka gwada a ƙaramin wuri kafin babba, kuma kada ka ji kunyar cewa "ban gane ba, a maimaita". Kunyar tambaya ta minti ɗaya ce. Kunyar Maikuɗi kuwa, har yau in yaro ya yanke wa babba magana a garinmu, sai ka ji an ce masa, "Tsaya tukuna, ƙasan me?"