Shaidar Inna Tabawa

Ranar da motar agaji ta iso sansanin 'yan gudun hijira, Malam Sallau mai rabon kaya ya ga buhunan shinkafa sun shiga ransa. Nan take ya ƙirƙiro doka.

"Mutanen Tungar Maje ba ku samun ko ƙwaya, sai kun kawo shaida cewa 'yan bindiga ne suka koro ku. Kuma kada ya zama ɗan garinku!"

Inna Tabawa, wadda ta gudo da jikokinta ba ko takalmi, ta matso.

"Ranka ya daɗe, kai ɗan garinmu ne?"

"Allah ya sawwaƙe!"

"To ga mota nan. Mu je ka gani da idonka."

"Ni? Garin da 'yan bindiga suka ƙone ƙurmus, har yanzu suna ciki? Inna, so kike a kashe ni?"

Inna Tabawa ta rangaɗa guɗa. "Jama'a, ga shaidarmu! Baƙo ne, kuma babban mutum!"

Sansani ya kaure da dariya. Malam Sallau da kansa ya ɗora mata buhu a ka, yana gumi.

"A hankali, shaida," in ji ta. "Saura bargo."