Ɗakin da Ya Tsallaka Iyaka

An yi wani mutum a gundumar nan tamu. Ba zan ambaci sunansa ba, ko da yake na ga manyan cikinku sun fara gyara zama.

Ya 'yan uwa, kun san ƙasar nan kamar yunwar cikinku. Ƙidayar baya ta same mu dubu goma sha ɗaya da 'yan kai, mu da muka taɓa kai dubu goma sha biyar. Tudu na can arewa da gonakin gyaɗa, fadama na nan kudu a bakin kogi. Tudu jam'iyya mai ja yake zaɓa, fadama mai shuɗi, haka muka taso muka tarar. Mazaɓar mutumin nan kuwa ta kwaso rabi can rabi nan, kuma shekara goma sha shida yana riƙe da kujerar kwamishina, shi ke cewa ga hanyar da za a zuba wa tsakuwa, ga wadda za a bar wa damina.

Zaɓensa na farko ya ci da ratar ƙuri'a ɗari uku. Na ƙarshe da goma sha tara.

Dalili ba ɓoyayye ba ne. Samarin tudu, masu zaɓensa, sun watse birni neman aiki. 'Yan fadama da suka tafi Detroit da Atlanta tun suna matasa sun yi ritaya sun dawo gidajen iyayensu. Hanyar Tsohon Kogi kuma shekara tara rabonta da gireda. Amma mutumin nan ya tsaya ya tambayi kansa? Ina! Cewa ya yi cutarsa ake yi.

Sai ya sayi ƙaramin littafi mai jan bango. Ya riƙa ajiye akori-kurarsa a gindin bishiya yana rubuta lambobin motoci. Gidan da bai ga shanya a igiya ba, ya rubuta babu kowa a ciki. Gidan da ya ga shanya da yawa, ya rubuta an jibge baƙi. In an yi taron cin soyayyen tarwaɗa a harabar coci, ba ci yake zuwa yi ba, kawuna yake ƙirgawa. Aka kai inda ko a wurin jana'iza yana tsaye a baya da alƙalami.

Zato ba ya tsayawa a ƙofar gida, ya 'yan uwa, shiga yake yi. Matarsa Loretta, shekara talatin da huɗu suna tare, tana waƙa a coci tare da Mis Vernell Boykin, magatakardar hukumar zaɓe. Shi ke nan, ya ce ita ke kai rahotonsa. Ya hana ta ɗaga wayar gida. Ya koma kwana da jan littafin a ƙarƙashin matashi.

Saura wata biyu zaɓe, ya shiga ofishin hukuma ya ajiye takarda mai sunaye sittin da ɗaya, ya ce duk ba su cancanci ƙuri'a ba. Kun san doka ta ba kowane mai zaɓe damar ƙalubalantar maƙwabcinsa. Ƙorafinsa a kan talatin da takwas aka watsar nan take. Saura ashirin da uku, duk mazauna hanyar Tsohon Kogi, waɗanda ya rantse iyakar gunduma ta bar su a waje.

Sunan farko a jerin shi ne Mis Odessa Tull. Shekararta tamanin da huɗu. Sau uku ana korarta daga matakalar kotu kafin a rubuta sunanta a rajista a 1966, kuma tun daga ranar ko zaɓen mai kula da madatsar ruwa bai taɓa wuce ta ba.

Ranar zaman hukuma ɗakin ya cika har taga. Mutumin nan ya miƙe da littafin doka, ya karanta da ƙarfi, ya maimaita: in iyaka ta ratsa gida, ɗakin da mutum yake kwana shi ne mazauninsa. Sannan ya sa aka rantsar da tsohuwar nan, ya tambaye ta a gaban jama'a a wane ɗaki take kwana.

Ta dube shi ta saman tabarau.

"Ɗan Eula, ni na yi wa uwarka unguwarzoma. Yau kuma gadona kake nema? Ka makara da shekara sittin."

Ɗaki ya kwashe da dariya. Shi bai yi ba, rubutawa ya yi.

Hukuma ta ce awo ne kaɗai zai raba gardama. Aka kira safiyo mai awon ƙasa, Mista Dewey Strickland, ya ce aikin kwana biyu ne, zai auna daidai wurin gidajen ya kawo taswira. Da mutumin nan ya yi shiru a nan, da ya tsira. Amma sai ya tuna matar Dewey 'yar ƙanen uban Cleon Maddox ce, abokin takararsa. Ya ce bai yarda da taswira ba, bai yarda da na'ura ba. A fara daga tsohon dutsen iyaka da ke kan tudu, a biyo layi har bakin kogi, a kafa jar tuta duk taku ashirin, shi kuma yana biye da ƙafarsa.

Dewey ya sosa ƙeya ya ce, "Kwamishina, mil bakwai ne fa."

Ya ce, "Ko saba'in ne."

Dutsen nan yana bisa gonar da ya gada. Tun yana ƙarami ake ce masa shingen wayar da ke bayan rumbu shi ne iyaka, ya kuma yarda, kamar yadda rabinku kuka yarda da shingen iyayenku. Ashe mahaifinsa ya kafa shingen ne inda ya fi wa shanu daɗin isa ruwa.

Litinin da hantsi aka kafa tutar farko. Ta goma ta bar shinge a baya. Ta talatin ta shigo cikin lambun Loretta, tsakiyar kuɓewa. Mutumin nan ya daina rubutu. Tuta ɗaya ta tsaya jikin bangon gidansa na arewa, Dewey ya zagaya ya kafa wata jikin bangon kudu. Layi ya bi tsakanin kicin da ɗakin baya, ya bar ɗakin bayan a gundumar maƙwabta.

Wane ɗaki ke nan? Wanda ya ƙara ginawa shekara goma sha biyu da suka wuce, mai babbar taga, don ya riƙa hango masu shiga gidan maƙwabcinsa daga kan gado.

Dewey ya ci gaba da gangarawa. Ranar Alhamis tutoci suka isa Tsohon Kogi. Gidaje ashirin da uku duk suna ciki. A gidan Mis Odessa layi ya bi ta bayan kicin ya yanke akurki. Ta fito baranda ta duba, ta ce to, bana kajinta ne ba za su yi zaɓe ba, a gaya wa kwamishina ya yi nasara.

Har yanzu da sauran ƙofa, ya 'yan uwa. Da ya je ya ce ban sani ba, na yi kuskure, ku yafe mini, da mafi muni kujera zai rasa. Amma mai zato yana ganin kowa irinsa ne, bai yarda akwai mai yafewa ba. Washegari da rana tsaka ya kinkimo gado da katifa ya kai falon gaba. Ya manta shi ya koya wa unguwar leƙe. Maƙwabta uku suka gani, har da wanda aka gina tagar dominsa.

A zama na biyu ya ɗaga hannu ya rantse cewa a falo yake kwana tun fil azal, ɗakin baya na ajiyar tarkace ne. Lauyan hukuma ya kira Loretta. Ta shigo da rigarta ta coci, ba ta dubi mijinta ba. Aka tambaye ta a ina yake kwana.

Ta ce, "Shekara goma sha biyu yana ce mini maƙaryaciya a kan abin da ban yi ba. Ba zan fara yau ba. A ɗakin baya yake kwana, minsharinsa ma gundumar maƙwabta yake damu."

Mis Vernell ta buɗe rajista, ta ja layi a kan suna ɗaya tak cikin duk wannan hayaniya. Nasa.

Wanda ba mazauni ba ba ya takara, kujera ta tafi. Rantsuwar ƙarya ta kai shi gaban alƙali. Loretta ta tattara kayanta ta koma wurin ƙanwarta. Ya garzaya gundumar maƙwabta ya yi rajista, aka ce an rufe kwana huɗu da suka wuce.

Ranar zaɓe na gan shi da idona, zaune cikin akori-kura a gindin bishiyarsa ta da, ba littafi. Motar coci ta sauke Mis Odessa, ta shiga da sandarta, ta fito da 'yar takardar nan da ake manna wa wanda ya jefa ƙuri'a. Ta tsallaka titi a hankali, ta ƙwanƙwasa gilashin. Ta ce masa ranar Lahadi akwai kaza a gidanta, ya zo ya ci, ai shi da kajinta yanzu 'yan gunduma ɗaya ne.

Bai je ba. Ya gaya wa wani cewa tarko ne.

Wannan ita ce halakar, ya 'yan uwa, ba kujera ba, ba kotu ba. Mutum ya kai inda aka miƙo masa alheri bai iya ganewa. Ya auna maƙwabtansa mil bakwai, bai taɓa auna taku goma daga kicin zuwa gadonsa ba. Ya zargi matarsa, ya tozarta wadda ta karɓi haihuwarsa, ya rufe da rantsuwar ƙarya, duk don kada ya zuba wa hanya ɗaya tsakuwa.

Ga wani zaɓen ya zo, saura sati biyar. Na lura wasunku sun fara rage gudu in za su wuce gidajen mutane. Me kuke ƙirgawa? Wa ya sa ku? In da jan littafi a aljihunka, ɗan'uwa, murhu na nan a baya.

Allah ya kiyaye mu daga mugun zato da shaidar zur, ya nuna mana inda namu shingen ya karkace tun kafin a zo da tuta. Amin.