Rigar da Ta Karkace a Gidan Tela

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, tela ne. Ba zan faɗi sunansa ba, kuma kada kowa ya fara waiwayen na kusa da shi. Na hango teloli biyu ko uku a cikinmu, ku kwantar da hankalinku, yau ba maganar saɓa alkawari za mu yi ba.

Mutumin nan gwani ne na gaske. Shagonsa ɗan ƙarami ne a bakin titi: keken ɗinki ɗaya, teburin yanka, dutsen guga, da wani tsohon madubi mai tsaga a gefe. Kullum tef ɗin awo na rataye a wuyansa, alli na maƙale a bayan kunnensa. Kayan 'yan makaranta ne sana'arsa. Yaro na shigowa zai dube shi sau ɗaya ya faɗi faɗin kafaɗarsa, in an sa tef a tarar ko rabin inci bai kuskure ba. Shi ya sa mutane suka sa masa Mai-Ido.

Shekara biyar yana da aure Allah bai ba shi haihuwa ba. Yana auna 'ya'yan mutane da rana, ya koma gida ya tarar da tsakar gida shiru. Babu abin da bai roƙa ba. Ranar da matarsa ta dawo daga asibiti ta gaya masa an ce ciki ne, rufe shago ya yi da rana tsaka, ya bar mai wando tsaye a ƙofa.

Shi yake raka ta awon ciki, ya zauna a benci cikin mata ba ya ko jin kunya. Ya hana ta ɗaukar bokiti. Ya riƙa tara ƙyallaye masu laushi yana ɗinka 'yan riguna kamar tafin hannu, yana mai da kalmasar ta waje don kada zare ya goge fatar jariri. Matarsa tana yi masa dariya tana cewa, "Maigida, ɗa ɗaya fa zan haifa, ba aji guda ba."

Aka haifi mace. Ta ɗebo kamannin mahaifiyarsa sak, don haka bai taɓa kiranta da wani suna ba sai Uwata. Ya san ranar da ta fara zama, da ranar da haƙorinta na farko ya fito. Ta yi rarrafe a ƙarƙashin teburin yankansa, ta fara tafiya tana dafa ƙafar keke. Da ta yi wayo, nan take wuni tana tsintar ƙyallaye tana yi wa 'yar tsanarta riga.

Da ta kai shekara shida za a sa ta makaranta, ya ɗaga ta ya tsayar a kan teburin. Ya sa tef a kafaɗa, ya sa a ƙirji, ya sauke shi daga wuya zuwa gwiwa. Tana ta ƙyalƙyala dariya wai tef ɗin yana yi mata cakulkuli. Ya buɗe littafin awo, ya samu sabon shafi, ya rubuta: Uwata, shekara shida. Ya jera lambobin a ƙasa.

Ku riƙe wannan ranar, ya 'yan uwa. Ita ce rana ta ƙarshe da ya ɗora tef a jikin 'yarsa.

Me ya faru? Mutuwa aka yi? Talauci ne ya shigo? A'a. Buɗi ne ya zo. Makaranta ɗaya ta ba shi ɗinkin ɗalibanta, sai ta biyu, sai ta uku. Keke ɗaya ya zama biyar, ya ɗauki ma'aikata. Buɗi ba laifi ba ne, amma tare da shi yabo ya shigo, kuma yabo ya yi wa mutumin nan daɗi fiye da kima.

Wata rana aka kawo masa wani yaro awo. Ya sa tef ta dama, ya sa ta hagu, ya ce wa uban, "Kafaɗar ɗanka ɗaya ta fi ɗaya tudu. Wannan ba aikin tela ba ne, ka kai shi asibiti." Aka kai yaron, aka ce ƙashin bayansa ne ya fara kaucewa, kuma an zo a kan lokaci. Uban ya dawo yana godiya har da hawaye. Labarin nan tela ya ba da shi ya fi sau ɗari. Duk wanda ya zauna a bencin shago sai ya ji shi, ya kuma ji ƙarshensa: "Ni idona likita ne."

A gida kuwa, duk farkon shekarar karatu matarsa takan ce, "Maigida, kayan yarinyar nan sun ɗage. In kawo ta a auna?"

Sai ya ce, "Ni za a kawo wa 'yata in auna? Ai na san awonta."

Sai ya buɗe shafin nan na shekara shida, ya ƙara inci ɗaya a nan, biyu a can, ya yanka bayan ya gama na kowa, ya ba da a kai gida. 'Ya'yan mutane ana tsayar da su a gaban madubi, a juya su, a gyara musu wuya da hannu. Tasa kuwa sai a leda. Yakan fita tana shirin makaranta, ya dawo a gajiye. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa idonsa na kan waya. Ba ya ƙin ta, Allah ya sani. Yana dai ganin ta nan, a gida take, ina za ta?

Tana shekara goma sha ɗaya ta biyo ta shago bayan an tashi makaranta. Shagon cike da iyaye. Ta tsaya a bakin ƙofa har ya ɗago, ta ce a hankali, "Baba, rigar nan ta karkace. Gefe ɗaya ya fi tsawo."

Ya 'yan uwa, da ɗan wani ne ya faɗi haka, da tuni tef ya sauko daga wuya. Amma 'yarsa ce, kuma a gaban mutane ta faɗa. Bai ji kukan yarinya ba, abin da ya ji shi ne an taɓa sunansa. Ya ce, "Ni zan ɗinka riga ta karkace? Ke ce ba ki iya tsayuwa ba. Miƙe!"

Ta yi ƙoƙari ta miƙe. Mutane suka yi dariya, shi ma ya yi. Ta juya ta tafi gida, kuma ba ta sake taka shagon ba.

Ta koyi ɗage gefen rigar da fil. Ta koyi lulluɓa da babban mayafi ko ana zafi. Ta daina wasan guje-guje, ta koma bencin baya inda za ta jingina da bango. Malamarsu ta aiko da takarda cewa yarinyar ba ta iya dogon zama, tana yawan kukan baya. Ya karanta a tsaye ya ce, "Jakar littattafai ce, a rage mata." Uwar ta yi magana sau ɗaya, sau biyu. A na uku ya ce, "Kin fi ni ido ne?" Ta ci gaba da shafa wa yarinyar man zafi.

Shekara huɗu aka yi a haka. Yarinya tana girma, ƙashi yana girma da ita.

A ƙarshen layinsu akwai wata mata mai ɗan keke a zaure, wadda tela yake yi wa ba'a yana kiranta mai ɗinkin matashin kai. Da yarinyar ta kai sha biyar, ta roƙi uwarta a kai ta can a ɓoye, ko sau ɗaya ta sa rigar da ta zauna mata. Matar ta sa tef ta dama, ta sa ta hagu, ta sake sawa ta dama. Ta ce, "Sunkuya, 'yata." Yarinyar ta sunkuya. Matar ta kira uwar ta ce, "Zo ki gani." Gefe ɗaya na bayan yarinyar ya yi tudu, daga nan sai asibiti.

Da labari ya iske shi, kun san abin da ya fara ɓata masa rai? Wai an kai 'yarsa wurin wata tela. Da wannan fushin ya bi su asibiti.

Likitan ƙashi ya ɗora hoton bayanta da aka ɗauka a kan fitila. Tela ya duba. Ba ya buƙatar a yi masa bayani, mutum ne da ya san miƙaƙƙen layi. Ƙashin bayan 'yarsa ya kauce kamar layin da ɗan koyo ya ja da alli.

Likita ya ce, "Irin wannan, in an gan shi da wuri yaro yana kan girma, akwai wata riga mai tauri da ake yi masa. A auna jikinsa sosai, a yi ta daidai shi, ya riƙa sawa tana tare ƙashin. Sau da yawa tana hana shi yin nisa. Amma nata ya riga ya yi nisa, kuma girmanta ya kusa tsayawa. Abin da ya rage babban aiki ne, shi ma ba zai mai da shi yadda Allah ya fara yin sa ba." Sai ya tambaya, "Ba wanda ya lura tufafinta suna karkacewa? Yawanci a nan ake fara gani. Malam, mene ne sana'arka?"

Yarinyar ce ta amsa, kanta a ƙasa. Ta ce, "Tela ne."

Aka mai da ita gidan innarta, ƙanwar uwarta, a wani gari kusa da babban asibiti. Aka yi aikin, ta yi jinya mai tsawo, ta rasa shekara guda ta karatu. Da ta samu sauƙi ta ce a can za ta ƙarasa makaranta, kuma ba wanda ya iya ce mata a'a.

Tela ya zaɓi yadi mafi kyau a shagonsa, ya naɗe tef ya sa a aljihu, ya hau mota. Duk hanya yana shirya abin da zai faɗa. Ya same ta zaune a kujera an tokare mata baya da matashi. Ta gaishe shi da ladabi, ta tambayi mutanen gida. Ya fito da tef ɗin ya ce, "Uwata, tashi in auna ki. Riga zan yi miki."

Ta dubi tef ɗin, ta dube shi. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ɓata fuska ba. Ta ce, "Bar shi, Baba. Ai ka san awona."

Ya dawo da yadinsa a naɗe.

Daga ranar Mai-Ido bai sake yarda da idonsa ba. In an kawo yaro sai ya auna shi sau uku, sau huɗu, ya ce ya sunkuya, ya ce ya juya, wani lokaci ya tsaya da tef a kafaɗar ɗan mutane hawaye na zuba. Iyaye suka fara tsarguwa. Aiki ya riƙa kwana, makarantu suka janye ɗaya bayan ɗaya, ma'aikata suka kama gabansu. Keke biyar suka koma ɗaya, shi ma ƙura ta rufe shi.

Amma ba shagon yake kuka ba. In an tashi makaranta yakan fito da kujera bakin ƙofa yana kallon yara suna wucewa. Ya ga 'yar shekara bakwai ya ce a ransa, ko yaya Uwata take a wannan shekarun? Ya ga 'yar shekara tara, ya nemi fuskar 'yarsa a tara, ya rasa. Yana gida ɗaya da ita duk shekarun nan, amma ba shi da komai nata a ka. Begen yarinyar da ke dariya a kan tebur ya hana shi sakat. So yake a dawo masa da rana ɗaya tak, ranar da ta tsaya a bakin ƙofa, ya sauke tef daga wuyansa ya ce, zo nan in gani. Minti biyu ne aikin, ya 'yan uwa. Ya yi wa 'ya'yan mutane shi sau dubbai.

Tana kiransa a waya lokaci-lokaci, ta gaishe shi, ta yi masa addu'a. Ta ce ta yafe, kuma na yarda ta yafe. Amma yafiya ba ta miƙar da ƙashi, ba ta kuma dawo da shekara tara. Littafin awo yana nan a kan teburinsa. Shafin kowane yaro cike yake da layi bayan layi, shekara bayan shekara. Shafinta layi ɗaya ne.

To, mene ne zunubin mutumin nan? Bai hana ta abinci ba, bai hana ta makaranta ba, ko sau ɗaya bai ɗaga mata hannu ba. Zunubinsa girman kai ne da sakaci da amana. Ya roƙi Allah shekara biyar, aka ba shi, ya ajiye kyautar a gefe ya tafi neman yabon mutane. Ya ce ya sani, don haka ya daina dubawa.

Kai malami, ka san ɗalibin da ba ya gane karatu a ajinka, naka fa? Ke mai aikin jinya, kina taɓa goshin 'ya'yan mutane, yaushe rabonki da taɓa na ɗanki? Kai da kake cewa ka san ɗanka, na wace shekara ka sani? Yaro ba ya tsayawa inda ka bar shi. Jikinsa yana canzawa, zuciyarsa tana canzawa, kuma sau nawa kake zaton zai zo bakin ƙofarka ya ce wani abu ya karkace? Wani sau ɗaya yake zuwa.

In kun koma gida yau, ku kira su. Ku ajiye waya, ku dube su da kyau, ku tambaye su, ku jira amsa.

Ya Allah, kada ka bar mu da abin da muke zaton mun sani. Ka ba mu ikon riƙe amanar 'ya'yanmu tun suna gabanmu, ka ji ƙan iyayen da suka makara, ka sanyaya zukatan yaran da aka ƙi saurara. Allah ya kiyaye mu da nadamar da ba ta da gyara, mu da zuriyarmu baki ɗaya. Amin.